Ƙarfen sabis a bayan gida, amma kira yana yankewa

Mazaunin Badariya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman masana su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Mun daɗe muna kukan rashin sabis a layinmu, ta yadda duk wanda zai amsa kira sai ya fita ƙofar gida, wani lokaci ma sai ya taka har bakin titi. Bayan babbar salla aka zo aka kafa ƙarfen sabis a wani fili da gida shida ne kacal tsakaninsa da nawa, muka yi ta murna. Yanzu sabis a cike yake a wayata dare da rana, ko a uwar ɗaka nake, amma kira yana yankewa, murya tana zuwa kamar ta mai magana a cikin randa, data kuma daga magariba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya sai dai a yi haƙuri. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanena da ke can layi na biyar, wanda ko hango ƙarfen ba ya yi, yana cewa shi kam kakarsa ta yanke saƙa. Yaya za a yi na kusa ya rasa, na nesa ya samu?

Hajiya mai POS, Jega:
Wa alaikumus salam. Inuwar giginya ke nan, Malam, na nesa ka sha. Ni ma a shagona ina hango ƙarafan sabis har uku, amma ranar kasuwa sai na ɗaga na'urar sama kamar mai duban wata kafin kuɗin mutum su fita. Da ma za su ƙara mana na huɗu, wataƙila mu huta.

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Hajiya, idan ba a zaɓi wurinsa da kyau ba, na huɗun zai iya ƙara dagula miki lissafi. Bari in fara da abin da Malam ya gani a fuskar wayarsa. Waɗannan 'yan sanduna da muke kira sabis suna nuna ƙarfin abin da waya take ji ne kawai, ba su nuna ko tana fahimtarsa.

Duk wanda ya yi azumi a cikin gari ya san wannan hali. Masallatai biyu suna tafsiri a lokaci guda, kowanne ya ɗaga lasifikarsa sama ya buɗe murya, kai kuma gidanka yana tsakiyarsu. Ƙara kam ta ishe ka, amma da za a tambaye ka ayar da aka fassara ba za ka iya kawo ko ɗaya ba. Wanda yake can nesa, inda muryar masallaci ɗaya kawai take isa, ya fi ka ƙaruwa ko da a hankali yake jin ta. Waya ma haka take. Abin da ya dame ta shi ne nawa muryar ƙarfen da take magana da shi ta rinjayi muryoyin sauran ƙarafan da suke kan zango ɗaya da shi. A tsarin GSM, wanda muke kira 2G, ana so muryar da ake nema ta ninka mai katsalandan kamar sau takwas kafin a ji magana garau. Idan bambancin ya gaza haka, sai murya ta fara sarƙewa ko kiran ya faɗi, alhali sabis yana cike.

Game da gidanka kuwa, Malam, abubuwa uku nake zato, kuma sai an auna za a tabbatar. Eriyar da ke saman ƙarfe ba ƙasa take kallo ba, gaba take harba saƙonta kamar hasken fitilar mota, don haka wanda yake gindin ƙarfen ɓurɓushi yake samu, asalin ƙarfin yana wucewa ta saman rufinsa. Sannan yawancin ƙarafan fuska uku gare su, kowace tana kula da kashi ɗaya cikin uku na kewaye, kuma gidan da ya faɗo a kan iyakar fuska biyu yana jin su duka da ƙarfi ɗaya, sai wayarsa ta yi ta tsalle tsakaninsu. Na ukun shi ne wanda na fi zargi: idan aka kunna sabon ƙarfe, wajibi ne a koma ga tsofaffin da ke kewaye da shi a sunkuyar da eriyoyinsu, domin yankin da suke miƙewa su rufe a da yanzu ya samu mai shi. Idan aka yi jinkirin wannan gyara, sabo da tsofaffi za su yi ta ihu a kan unguwa ɗaya.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo, Argungu:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Amma mu a aikinmu na rediyo maganin wannan a bayyane yake, kowace tasha da zangonta, ba mai hawa kan na wani. Me ya hana a ba kowane ƙarfe nasa zangon, a huta da wannan rigima?

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Baba, ai zangon ne ba ya isa, kuma da tsada ake sayensa. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi a watan Janairun 2001, dala miliyan 285 aka biya a kan kowane lasisi, kafin a fara kiran GSM a watan Agustan shekarar. A zangon megahaz 900 na asali tashoshi 124 ne kacal, kowace mai faɗin kilohaz 200, kowace kuma mutum takwas ne za su iya raba ta a lokaci guda, ga shi kamfanoni ne suke rarraba su a tsakaninsu. Ƙarafan kuwa dubbai ne a faɗin ƙasa. Saboda haka dole tashar da aka yi amfani da ita a nan a maimaita ta a can, kuma gaba ɗaya fasahar wayar salula a kan wannan maimaitawar aka gina ta, tun daga shawarar da injiniyoyin Bell Labs na Amurka suka rubuta a 1947. Tambayar kullum ita ce nisan da za a bari tsakanin ƙarafa biyu masu tasha ɗaya.

Malamin kimiyya, Aliero:
Da izinin Injiniya zan sa lissafin, domin yana da sauƙi. Idan aka raba tashoshin kamfani gida bakwai, aka ba kowane ƙarfe kashi ɗaya, to nisan da ke tsakanin ƙarafa biyu masu kashi iri ɗaya zai kai kusan ninki 4.6 na nisan da kowannensu yake rufewa. Wato idan ƙarfe yana kula da kilomita 2 daga gindinsa, takwaransa yana can wajen kilomita 9. Idan aka raba gida huɗu, ninkin ya sauko zuwa kusan 3.5, idan gida uku ne kuma ya zama 3 daidai. Raba su gida kaɗan yana ba kowane ƙarfe tashoshi da yawa, ya ɗauki mutane da yawa, amma yana matso da mai katsalandan kusa. Abin da yake taimakon injiniyoyi shi ne saƙon yana saurin mutuwa a cikin gari: duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa yakan ragu kamar sau takwas zuwa sau goma sha shida, gwargwadon gine-gine da itatuwan wurin.

Sai dai wannan lissafin ya ɗauka cewa ƙarafan a jere suke kamar saƙar zuma, kowanne a tsakiyar ɗakinsa, tsayinsu ɗaya. Da zarar an gusar da ɗaya, ko ya fi sauran tsawo, lissafin ya karkace. A 4G kuma, kamar yadda Injiniya ya fi ni sani, galibi duk ƙarafan kamfani zango ɗaya suke hawa, babu rabon gida bakwai ko huɗu, don haka wurin da aka dasa ƙarfe da inda eriyarsa take kallo sun zama su ne manyan makamai.

Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, Birnin Kebbi:
Malamaina, ina da tambaya, a gafarce ni idan ta yara ce. Tunda ga tsaunin Dukku a bakin gari, me zai hana a kafa ƙato guda ɗaya a samansa ya rufe Birnin Kebbi gaba ɗaya? Idan ƙarfe ɗaya ne, ai babu wanda zai yi masa katsalandan.

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Ba tambayar yara ba ce, domin kafin wayar salula haka ake yi, eriya ɗaya a wuri mai tsawo, kuma shi ya sa mutane ƙalilan ne suke iya kira a lokaci guda a gari sukutum. Ƙarfe ɗaya iyakar abin da zai ɗauka ke nan komai tsayinsa, kamar rijiya ɗaya ce ga unguwa goma. Sannan ba shi kaɗai ba ne a duniya. Eriya mai tsayin mita 30 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa saƙonta yana iya kaiwa kilomita ashirin da 'yan kai kafin lanƙwasar ƙasa ta tare shi, amma idan ta koma mita 130 nisan ya haura kilomita arba'in. Ƙasarmu ta nan kuwa fadama ce, daga Birnin Kebbi har Argungu kwarin Gulbin Rima a buɗe yake, babu abin da zai tsayar da saƙon. Ƙaton naka zai je ya yi ta surutu a kan garuruwan da suke da nasu ƙarafan, shi ma kuma zai riƙa jin wayoyin da ba nasa ba daga ko'ina.

A ƙauye, inda gidaje suke warwatse kuma masu waya kaɗan ne, tsawo alheri ne, ana nemansa. A cikin gari kuwa mun fi son ƙarafa matsakaita masu yawa, kowanne ya tsaya a kan iyakarsa, kuma gini da tudu da muke ganin cikas ne su ne katangar da take raba su. Wuri irin Zuru mai duwatsu yana wahalar da mu wajen isar da sabis bayan dutse, amma dutsen yana hana ƙarafan shiga gonar juna. Don ka ga tasirin sunkuyarwa: eriya mai tsayin mita 30 idan aka duƙar da ita digiri 3, tsakiyar saƙonta yana sauka ƙasa a wajen mita 570, idan digiri 6 ne a wajen mita 285, idan kuwa digiri 1 ne sai ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Ɗan juyin da ido ba zai gane ba daga ƙasa shi ne yake raba unguwar da ake jin daɗin waya da wadda ake tsaki.

Mai gyaran waya, Yauri:
Ni fa, da girmamawa ga Injiniya, ina ganin an ba wannan katsalandan girman da ya fi shi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma abin da na sani shi ne sabis yana lalacewa idan man janareta ya ƙare, ko aka sace batir, ko masu aikin hanya suka tsinke wayar da ke ƙarƙashin ƙasa, ko mutane suka yi wa ƙarfe yawa. Malam da kansa ya ce daga magariba data take tsayawa. Shin da magariba ne ƙarafan suke matsowa kusa da juna? Cunkoso ne kawai, kowa ya dawo gida ya hau TikTok.

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Maigida, ban musa maka ko ɗaya ba, kuma idan aka ƙirga sa'o'in da sabis yake ɗaukewa ɗungurungum, dalilan da ka lissafa su ne a gaba. Amma cunkoso da katsalandan ba a raba su kamar yadda ka raba. Ƙarfen 4G da ba kowa a kansa kusan shiru yake yi. Da magariba, sa'ad da kowane ƙarfe ya cika da mutane, dukkansu suna magana ba ƙaƙƙautawa, sai hayaniyar da kowanne yake zuba wa maƙwabcinsa ta ƙaru. Wayar da take cikin hayaniya kuma dole a yi mata magana a hankali, a maimaita abin da ba ta ji ba, don haka tana cin lokacin ƙarfen fiye da rabonta, sai cunkoson ya daɗa tsananta. A 3G ma har yankin da ƙarfe yake rufewa yana tsukewa idan mutane suka yi yawa. Ko mutuwar janaretan da ka ambata tana da hannu, domin idan ƙarfe ya mutu wayoyin unguwar sukan rataya a na nesa, su ɗaga murya iyakar ƙarfinsu, su dami kowa.

Mai gyaran waya, Yauri:
Na karɓi rabin maganar. Sauran rabin sai na ga an sunkuyar da eriya an samu sauƙi ba tare da an ƙara ko na'ura ɗaya ba.

Ɗan kasuwa, Kamba:
Mu namu katsalandan ɗin daga ƙetare yake zuwa. Ina zaune a rumfata a cikin Najeriya, sai in ga saƙo yana yi mini maraba da zuwa Nijar, kuma idan ban lura ba na amsa kira sai kuɗina su tafi. Mutanen Gaya su ma sun ce namu yana shiga musu. Wannan shi ma laifin wurin da aka dasa ƙarfen ne?

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Alhaji, danginsa ne. Saƙon rediyo bai san shingen kwastan ba, kuma zangon 900 da 1800 da muke amfani da su, su ne maƙwabtanmu ma suke amfani da su. Abin da ake yi shi ne hukumomin ƙasashen biyu su daidaita wanda zai riƙe wace tasha a bakin iyaka, kamfanoni kuma su juya fuskokin eriya zuwa cikin gida, su rage ƙarfin wadda take kallon ƙetare. Kafin nan, ka shiga saitin wayarka ka zaɓi kamfaninka da hannu, kada ka bar ta tana zaɓa da kanta.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Mu a Zamfara mun ga zahirin wannan a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. An kashe ƙarafan cikin jiha, amma mutane suka gano tuddai da bakin iyakoki inda saƙon maƙwabtan jihohi yake ɗan leƙowa, ana zuwa can a tsaya ana ɗaga waya. Ashe abin da muke bi da ƙafa a lokacin shi ne abin da Injiniya yake ƙoƙarin datsewa a aikinsa na kullum.

Mai unguwa, Birnin Kebbi:
Ni zan faɗi abin da ya faru a gabana, domin ina ganin muna da namu kason na laifi. Wasu ma'aikatan kamfani sun zo da na'urarsu suka nuna wani fili a kan tudu suka ce nan suke so. Mai filin ya yarda, maƙwabta suka ce atafau ba za a kafa musu abin da zai jawo musu ciwo ba, ga ƙarar janareta da tsoron faɗuwa lokacin iskar farkon damina. Aka yi ta zama a ƙofar gidana har sau huɗu. Daga ƙarshe wani mai hali da ke gangare, kamar mita ɗari huɗu daga wurin farko, ya ba da nasa filin, aka kafa a can, yana karɓar kuɗin haya. Yau waɗanda suka ƙi ɗin su ne suke zuwa mini da ƙorafin sabis.

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Ranka ya daɗe, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mai tsara taswira yana ba masu neman fili ɗan kewaye ne ƙarami, ya ce a samo a cikinsa. A ƙauye gusawar mita ɗari huɗu ba komai ba ce, amma a cikin gari, inda tazarar ƙarafa ba ta da yawa, ta isa ta bar rami a gefe ɗaya, ta cusa sabon ƙarfen cikin yankin wani a ɗaya gefen. Tunda gangare ne kuma, sai a ɗaga fuskar eriya don ta kai kan tudun, daga nan ta zarce inda ba a aike ta ba.

Ƙorafin janareta da na faɗuwa gaskiya ne, kuma akwai ƙa'ida a kansu. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta sa tazarar mita 5 tsakanin ƙarfe da gini, dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 kuma ta ce mita 10, saɓanin da ya jawo rufe wasu ƙarafan a wancan lokaci. Jama'a suna da haƙƙin su nemi a cika tazara, a sa janareta marar ƙara, a hana man janareta malala. Batun ciwo kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a samu gamsasshiyar hujjar cewa raunanan saƙonnin ƙarafan nan suna cutar da lafiya ba. Wayar da ke manne da kunnenka ma ta fi buɗe ƙarfinta idan ƙarfen ya yi mata nisa, shi ya sa take zafi batir ya zube a inda sabis ba shi da kyau.

Alhaji mai shagon kayan gini, Bayan Kara:
To ni na sayi wata 'yar na'urar ƙara sabis, an kafa mini eriyarta a kan rufi, kuma cikin shagona lafiya lau. Ina jin ita ce mafita ga Malam.

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Alhaji, don Allah kada ka ba shi wannan shawara, kai ma ina roƙonka ka kashe taka. Irin waɗannan na kasuwa suna ƙara saƙo da hayaniya gaba ɗaya su mayar wa ƙarfen, idan kuma eriyar waje da ta ciki suka ji juna sai su yi irin kukan da lasifika take yi in an kusanto da makirfo. Guda ɗaya tana iya kurmantar da fuskar ƙarfe sukutum, kai kana jin daɗi a shago, layi goma suna wahala. NCC ta sha gargaɗi cewa amfani da su ba da izini ba laifi ne.

Mazaunin Badariya, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, jama'a. Bayan sallar asuba na fita na tsaya a gindin ƙarfen na ɗaga kai. Fuska uku ne kamar yadda Injiniya ya ce, ɗaya tana kallon arewa, ɗaya kudu maso gabas, ɗaya kudu maso yamma, gidana kuwa yana kudu sak, a daidai tsakanin biyun. Na gwada data a ƙofar gida da ƙarfe shida na safe, tana gudu ba laifi. Jiya da daddare kuma na taka zuwa layin ƙanena, wanda fuskar kudu maso gabas take kallo kai tsaye, bidiyon da ya ƙi buɗewa a ɗakina ya buɗe nan take.

Mai gyaran waya, Yauri:
Gudun da ta yi da asuba hujjata ce, buɗewar da ta yi a layin ƙanenka kuma hujjar Injiniya ce.

Injiniyan sadarwa, Gesse:
Haka ne, Maigida. Malam, ka samu maƙwabta biyar ko shida, kowa ya rubuta layinsa da lokacin da abin yake faruwa, da ko kira ne ko data, har tsawon mako guda. Ku kai wa kamfanin a rubuce ku karɓi lambar ƙorafi, ku ambaci cewa bayan kunna sabon ƙarfe abin ya fara, domin wannan jimlar ce za ta sa a turo masu awo da mota maimakon a ce ku kashe waya ku kunna. Idan ba su waiwaye ku ba, ku kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. Ka kuma duba mini ko akwai wani tsohon ƙarfe ta kudu da ku wanda fuskarsa take kallon unguwarku, ka gaya mini kimanin nisansa.

Mazaunin Badariya, Birnin Kebbi:
Akwai ɗaya can wajen bakin titi, dogo ne sosai, ya fi namu. Gobe in Allah ya kai mu zan auna nisan da babur in sanar da kai.